Sai An Ci Tumu

Talata, 17 ga Mayu 1966, da hantsi

An yi ruwa jiya, na farko a bana. Ƙamshin ƙasa ya shigo har ɗaki, ni kuwa ko murna ban yi ba. Duk Dutsin-Ma ta fita shuka, ni ina zaune ina tunanin Garin Hamma, ƙauyenmu da ke bayan Tamawa a ƙasar Kurfi, da abin da za su zuba a rami.

Tun da na gama ajin yaƙi da jahilci ban rubuta abin da ya wuce sunana ba, Saudatu, sai yau. Ba ni da wanda zan faɗa wa. Maigidana Malam Ilu yana gefe ɗaya, wana Rabo yana ɗaya gefen, ni ce a tsakiya kamar tsumman goge tukunya.

Bari in jera maganar yadda take, ko zuciyata ta yi sanyi. Tun zamanin kakanni, bayan wata yunwa da tsofaffi ba sa son ambata, garuruwa huɗu suka haɗa rumbun tsimi: mu nan, da Karofi, da wani ƙauye kusa da su, da Garin Hamma. Kowace kaka kowa ya kawo hatsi da zaɓaɓɓen irin shuka, a zuba a manyan rumbunan da ke bayan kasuwa, a liƙe bakinsu da laka. Gamayya ake ce mata. Majalisarta a zaurenmu take zama, domin sandar Gamayya a gidan nan take tun zamanin uban Malam. Mai sanda ba ya goyon bayan kowa. Aikinsa ya tuna ƙa'ida, ya ba mutum izinin magana, ya sa a shafa Fatiha. Ƙa'idojin ba a rubuce suke ba, a kan Malam suke, kuma wallahi kan nan dutse ne.

Ana bazara mutanenmu suka ce sun fita daga Gamayya. Abin da aka faɗa wa Yaya Rabo a bakin rumbu har ta kai ga haka, ba zan rubuta ba. Majalisa ta ce a sauka lafiya, aka shafa Fatiha. Saura maganar kasonsu. Malam Garba na Karofi ya kawo shawara su kwashi irinsu duka nan take, hatsin ci kuwa rabi bana, rabi baɗi. Alhaji Ɗanmusa mai fataucin hatsi ya ce ya yi yawa. Yaya Rabo ya ce ya yi kaɗan, ko duka ko babu. Su biyun da ba sa ga maciji suka haɗu suka kayar da shawarar. Ina bayan katanga ina jin komai. Aka shafa Fatiha, har da Yaya, yana cika baki zai dawo mako mai zuwa da magana mai nauyi.

Ya dawo kuwa. Malam ya dube shi ya ce, "Maganar da anka shafa ma Fatiha ba ta sake tashi sai an ci tumu."

Tumu! Sabon geron da ake gasawa in kaka ta kusa. Rabon da a ji wannan ƙa'ida tun muna yara. Kowa ya manta da ita sai mutum ɗaya, shi ne kuma Allah ya haɗa ni zama da shi. Yanzu ga Garin Hamma a waje, ga irinsu a ciki.

Alhamis, 19 ga Mayu, bayan la'asar

Na kai masa fura, ban tashi ba. Ya san in na zauna haka da magana a bakina.

Na ce, "Malam, ba a cin tumu sai an shuka. Ba su shukawa sai an buɗe rumbu. Ba a buɗe rumbu sai an ci tumu. Don Allah wane mai hankali ya shirya wanga abu?"

Ya ce, "Waɗanda sunka binne ɗiyansu da yunwa. Sun ga yadda masu baki ke maido da magana yau, su maido ta gobe, har talaka ya gaji ya bar masu rumbu."

"To ka sa a buɗe masu irinsu kaɗai. Kai ke da sanda."

"Duk wanda ya fasa bakin rumbu ba da yawun majalisa ba, kason garinsu ya faɗi. Ko ni ne."

Ya sha furarsa har ƙasa, ya side ludayi. Na ɗauke kwanon da ƙarfi don ya ji.

Lahadi, 22 ga Mayu, da azahar

Tani matar Yaya ta aiko da saƙo ta bakin masu jakuna. Sun yi shuka da abin da suka share a gindin rumbunan gida, da ɗan geron kasuwa da suka sayar da awaki suka saya. Geron kasuwa gauraye ne, bai san jigawarmu ba. Namu gajere ne mai saurin nuna, kakanninmu suka zaɓe shi zangarniya bayan zangarniya.

Na aika da taikin dawa daga gidan nan. Yaya ya maido da shi ko kwancewa bai yi ba. Ya ce ba ya cin sadakar gidan mai sanda. Girman kai da yunwa a ciki ɗaya, ban san yadda suke kwana ba. Na sake aikawa da sunan Gogo, mahaifiyarmu. Kowa Gogo yake ce mata, har mu da ta haifa. Ta karɓa, ta raba wa unguwa kafin rana ta faɗi.

Laraba, 25 ga Mayu, da magariba

Maza sun cika ƙofar maƙwabcinmu mai rediyo. Wai sojoji sun ce babu sauran Jihar Arewa, ƙasa ta zama ɗaya, komai daga Ikko. Na ji wani yana cewa gara a raba kowa ya kama gabansa. Na ce a raina, ku je Garin Hamma ku ga yadda kama gaba take.

Litinin, 30 ga Mayu, da safe

Jiya ba a yi kasuwa ba. Labaran da ke zuwa daga manyan garuruwa ba na rubutawa ba ne. Samari suna yawo suna ihun araba, wato a raba ƙasa. Mai kantin bakin tasha, mutumin kudu da nake aika sayen zare wurinsa, ya kulle, ya tafi da matarsa da 'ya'yansa a bayan babbar mota. Matar ta taɓa koya mini saƙar hular jarirai.

Tun ruwan farko ba a sake ko yayyafi ba.

Alhamis, 2 ga Yuni, da hantsi

Wani abu yana damun maigidan nan, ko kuwa ni ce na fara ruɗewa. Tafin hannunsa duk ya yi kanta, shi da bai san nauyin komai ba sai carbi da sanda. Igiyar gugarmu ta ɓata. In ya dawo sallar asuba ƙafar wandonsa a jiƙe take. Yana tari, yana dafa kwankwaso in zai tashi.

Yau kuma na ɗaga kai a ɗakin girki. Kowace kaka Gogo tana aiko mini da 'yan zangarniyun geronmu, in rataye a jikin azara don in riƙa ganin gida. Na bara babu su. Na daɗe ina zagin ɓeraye, amma ɓera ba ya kwance igiya.

Juma'a, 3 ga Yuni, bayan fitowar rana

Na bi shi.

A bayan gidanmu akwai kangon ƙanensa marigayi, da tsohuwar rijiya a ciki. Tun rasuwar ƙofar a rufe take. Yau na tura ta.

Gero ne. Kore shar, ya kai ƙirjina, a tsakiyar wannan fari. Bai fi shimfiɗar tabarmi shida ba, amma gero ne, kuma na san ganyensa kamar yadda na san fuskar Gogo. Malam yana tsaye da tulu a kafaɗa, babu rawani, gemu duk laka. Mai sandar Gamayya ke nan.

Ya ajiye tulun ya ce, "Rufe ƙofar."

Na ce, "Malam, mi ke nan?"

Ya ce, "Ƙa'ida ta ce sai an ci tumu. Ba ta ce tumun ruwan sama ba. Washegarin ranar da anka shafa Fatiha na shuka shi."

Na zauna a bakin rijiya na yi kuka, na yi dariya, na ce ashe ɓeran gemu gare shi. Bai yi dariya ba. Ya ce, "Saudatu, ki ba ni amana. Rabo bakinshi kasuwa ne. In ya ji, Kurfi ta ji, in Kurfi ta ji Alhaji Ɗanmusa ya ji. Duk ranar da rumbu ya ƙara a rufe, hatsinshi ke ƙara tsada. Rana ɗaya awakin wani za su yi ɓatan kai su shigo nan. Kada ki faɗa ma kowa. Ko Gogo."

Na ba shi amana. Da sauri ma na ba shi, don farin ciki.

Talata, 7 ga Yuni, da yamma

Ni ke jan guga yanzu, shi ke zubawa. Rijiyar ta yi ƙasa, ruwan har da yashi. Shekara da shekaru muna aure ban taɓa yin aiki kafaɗa da kafaɗa da shi ba. Ba ya magana, sai in ya ga ganye ya lanƙwashe ya ce, "Wanga ya ji ƙishi," kamar yana maganar jika.

Ina jin kunyar zagin da na yi masa a zuci. Ba duka ba dai.

Lahadi, 12 ga Yuni, da azahar

Babu ruwa. An fita roƙo, an dawo.

Laraba, 15 ga Yuni, bayan la'asar

Na je gida jiya, yau na dawo. Mota zuwa Kurfi, daga nan a ƙafa.

Gonakin sun ƙone. Tsiron ya fito ɗan yatsa ya bushe a tsaye, in ka taɓa ya marmashe. Na tarar da Gogo tana dafa ganyen aduwa, tana zubar da ruwan ɗaci, ta sake dafawa. Zanen da na ɗinka mata da sallah ya zagaye ta har ya yi saura. Ta ce ita ta ƙoshi, tsofaffi ba sa cin abinci da yawa. Tani ta kawar da kai.

Yaya yana gona, yana bin rami rami yana tonawa da yatsa ko akwai ƙwayar da ba ta mutu ba. Ya rame, sai ido. Da ya gan ni bai miƙe ba.

Ya ce, "Matar mai sanda, an zo ganin aikin miji?"

Na ce, "Yaya, ka yi haƙuri. Kwana kaɗan ya rage."

"Kwana kaɗan na mi?"

Maganar ta zo har kan harshena. Na ji ɗanɗanonta. A kan iyaka kuwa ga mutum uku tsaye suna saurare, ɗaya daga cikinsu yana kai wa Alhaji kaya kasuwa. Na ce, "Na komai. Allah ba ya barin bawa."

Ya tofar da yawu. Ya ce, "Haƙuri. Mijinki ya ce haƙuri, dagaci ya ce haƙuri, rediyo ya ce haƙuri. In anka yi ruwa, haƙurin zan zuba a rami?"

Da zan tafi Gogo ta rako ni har bakin kuka. Ta daɗe tana duban fuskata. Ta ce, "Ɗiyar nan, hannunki ya yi kanta." Na ce daka ne.

Asabar, 18 ga Yuni, da safe

Geron ya fid da kai. Tsuntsayen Dutsin-Ma duka sun gano, don babu wani kore a ƙasar nan sai shi. Na yayyaga tsohon zanena, muka bi zangarniya ɗaya ɗaya muna ɗaure mata ƙyalle. Yanzu kangon ya zama kamar taron mata masu ɗankwali.

Na ce wa Malam ko Gogo kaɗai in faɗa wa. Ya ce Gogo ba ta iya kallon ɗanta yana shan wuya ta yi shiru. Gaskiya ce. Ni ce dai aka ga zan iya.

Talata, 21 ga Yuni, da hantsi

Ruwa kamar da bakin ƙwarya, tun jiya da yamma. Garin nan kowa ya fita maimaita shuka, har guragu. Tsofaffi sun ce wanda bai zuba iri a cikin kwanakin nan ba, bana ta wuce shi.

Malam ya kwance ƙyalle ɗaya, ya matsa ƙwaya da farce. Madara ce ta fito. Ya maida ƙyallen ya ɗaure. Na ce a gasa haka nan, wa zai sani? Ya ce, "Alhaji zai sani. In ya matsa ya ga ruwa, ya ce wanga ba tumu ba ne, majalisa ta bi shi, a shafa Fatiha, mun mutu. A bari sai ranar zaman majalisa. Alhamis ta sama."

Alhamis ta sama. Na maimaita har na gaji.

Juma'a, 24 ga Yuni, bayan saukowa daga masallaci

Yaya ya zo.

Ban taɓa jin muryarsa haka ba. Ina bayan katanga. Zauren cike da mutane, har da yaran Alhaji. Ya ce, "Malam Ilu, na yi kuskure. Na amshi shawarar Malam Garba. Na amshi rabinta ma. Hatsin ci ku riƙe, irin kaɗai nika roƙo. Ƙasa ta jiƙe, Malam. In ka ce in duƙa, in duƙa."

Na ji motsin tabarma. Ya duƙa ɗin. Rabo, wanda ko ga ubanmu da ƙyar yake sunkuyar da kai.

Malam ya ce, "Maganar da anka shafa ma Fatiha ba ta sake tashi sai an ci tumu. Ka dawo ran Alhamis, majalisa na zama."

"In dawo in ji mi? Abin da ka faɗa yanzu?"

"Ka dawo ran Alhamis."

Wani ya yi dariya.

Na tare shi a soron ciki da ruwa a kwano. Mu biyu ne kaɗai, babu kowa. Bangon kangon yana bayansa, da ya miƙa hannu zai taɓa shi. Ya sha ruwan. Ya ce, "Saude, ke ma ba ki da abin ce mani?"

Tun ina yarinya shi kaɗai ke ce mini Saude.

Na ce, "Yaya, ka zo ran Alhamis. Don Allah ka yi haƙuri."

Ya miƙo mini kwanon. Ya ce, "Kin koyi maganar gidan." Ya fita.

Da magariba na ce wa Malam ya sake ni daga amanar nan, in aika a bi shi. Ya ce kwana nawa ya rage, kada mu ɓata a bakin gaɓa. Na yi shiru. Wannan shirun nawa ne, ba nasa ba.

Asabar, 25 ga Yuni, da yamma

Ƙwayar ta fara tauri.

Lahadi, 26 ga Yuni, da yamma

Na ɗaura mayafi har sau biyu in tafi wurin Yaya, na sake cirewa.

Litinin, 27 ga Yuni, bayan azahar

Da rana tsaka suka zo, ba a ɓoye ba. Mazan Garin Hamma da jakunansu, Yaya a gaba da gatari. Rumbun iri kaɗai suka nufa. An ce sai da ya yi bisimilla da ƙarfi kafin ya sari lakar.

Garin nan tun watan jiya a tsorace yake, kaza ta yi tsalle sai a ruga. Wani ya yi ihun an zo wawashe kasuwa. Kafin a gane su wane ne, mutane sun fito da sanduna, 'yan doka sun iso. Daga tsakar gida nake jin hayaniyar. Na san ko wane ne tun ba a faɗa mini ba.

An fasa wa Yaya kai. Yana da rai. An tafi da shi da mutum huɗu. Dammunan irin da suka fito da su an tattake wasu, sauran an maida ciki an liƙe.

Malam ya shigo, ya wuce ni, ya shiga kango. Na bi shi. Yana tsaye da zangarniya a hannu, ya murje ta a tafi. Ƙwaya ce tsaf, mai tauri. Ya ce, "Ya yi. Da gobe ma ana iya gasawa."

Na juya na fita. Da na buɗe baki da auren nan ya mutu yau.

Talata, 28 ga Yuni, da safe

Na aika da abinci inda aka tsare shi. An dawo da kwanon a rufe.

Alhamis, 30 ga Yuni, bayan la'asar

Ni na gasa. Na kwance ƙyallayen, na yanko masu kyau, na juya su a kan garwashi har gidan ya ɗauki ƙamshin kaka a tsakiyar damina. Na murje a faifai. Malam ya sa rawani, ya ɗauki sanda, ya ɗauki faifan da kansa. Na ce ko akwai amfani? Ya ce bai sani ba.

Ya ajiye faifan a zaure. Sai salati. Malam Garba ya ce, "Tumu? A wanga wata?" Malam ya faɗa masu yadda aka yi, a taƙaice, kamar yana ba da labarin wani. Faifan ya zagaya. Ina jin taunar su ta bango. Babu mutumin Garin Hamma ko ɗaya a wurin sai wani tsoho da dagaci ya turo.

Malam ya buga sanda ya ce, "An ci tumu. Maganar kason Garin Hamma ta tashi."

Malam Garba ya maido da shawararsa, cike da murna. Mutane suka fara cewa sun yarda.

Sai Alhaji Ɗanmusa ya nemi izini. Ya ce tumun ya yi daɗi, Allah ya saka wa Malam Ilu, bai taɓa ganin mutum mai tsare ƙa'ida irinsa ba. Ya ce, "Tun da haka ne, mai sanda ya tuna muna, mi kakanni sunka ce a kan wanda ya fasa bakin rumbu?"

Malam Garba ya ce, "Alhaji, ka ji tsoron Allah. Yunwa ce."

Alhaji ya ce, "Ni ban ce komai ba. Tambaya ni yi. In an manta, a ce an manta."

Na manna goshina a bango ina cewa, ka manta, Malam, sau ɗaya a rayuwarka ka manta. Ka ce tsufa ne. Babu mai kama ka, a kanka kaɗai take.

Ya daɗe. Har na fara sa rai.

Ya ce, "Duk wanda ya fasa bakin rumbu ba da yawun majalisa ba, kason garinsu ya faɗi."

Aka shafa Fatiha.

Juma'a, 1 ga Yuli, da magariba

Mauludi. Ana ta waƙe a makarantu. Ban dafa komai ba.

Litinin, 4 ga Yuli, da hantsi

Alkali ya ɗaure Yaya, sai bayan kaka zai fito. Sauran an yi masu bulala an sake su. An ce samarin Garin Hamma sun fara bin hanyar Maraɗi, wasu Gusau. Tani ta kwashi yara ta koma gidansu a Tamawa. Gogo ta ce ita ba inda za ta.

Malam ya jingine sandar a lungun zaure, bai sake taɓa ta ba. Tarin ya ƙaru. Amma kullum da asuba yana shiga kango ya kori tsuntsaye. Jiya ya ce mini, "Da na saki ƙa'ida ɗaya, da Alhaji ya saki sauran duka, baɗi babu rumbu." Wataƙila gaskiya ce. Na ce masa tuwonsa yana hucewa.

A rediyo har yanzu ana ta maganar a zauna tare ko a rabu. Na ce wa maƙwabciya ta roƙi mijinta ya rage murya.

Laraba, 13 ga Yuli, da yamma

Sauran geron ya bushe a kan kara. Na yanke shi duka, ya yi ɗan ƙaramin dami. Malam ya ɗaure mini da kansa, bai ce in gaida kowa ba.

A hanya gonakin Kurfi sun yi kore har gwiwa, ana ta noma. Da na wuce Tamawa na shiga namu, sai tafasa da ciyawa. Garin shiru, ko daka ba a yi.

Gogo tana zaune a ƙofar ɗaki. Na sauke damin a gabanta na kwance. Ta zaro zangarniya ɗaya, ta juya ta, ta shinshina, ta murji kaɗan a tafi. Ba ta kai baki ba, ita da ta yi wata tana cin ganye.

Ta ce, "Namu ne."

Na ce namu ne. Na faɗa mata kangon, da rijiyar, da yadda Malam ya shuka tun bazara. Ta saurara ba ta katse ni ba. Ta maida ƙwayoyin da ta murje cikin ƙwarya, ɗaya ta faɗi ƙasa, ta bi ta da yatsa ta tsince.

Ta ce, "Bana ta wuce. Wanga na baɗi ne. Hau ki rataye min bisa murhu inda hayaƙi ke kai."

Na taka turmi na ɗaure shi a azara. Akwai wani ɗan ƙyallen zanena da na manta ban kwance ba a jikin zangarniya ɗaya. Da na sauko ta riƙe hannuna, ta juya tafin sama, ta shafa kantar da babban yatsanta.

Ta ce, "Ranar da kinka zo kinka ce daka ne."

Na yi shiru.

Ta ce, "Saudatu, ranar da ya je ya duƙa a zaurenku, kin sani?"

Na sunkuyar da kai. Ta sake mini hannu a hankali, ta ce rana ta yi, in kama hanya kada mota ta bar ni.